Babi na Takwas: Bashin da Mamacin Fage Ke Bin Masu Rai

A watan Nuwamba na 1981 labari ya iso Sakkwato daga Kaduna cewa Gwamna Muhammadu Shehu Kangiwa ya faɗo daga kan doki ana tsakiyar wasan ƙwallon dawaki, kuma rai ya yi halinsa. Shi ne gwamnan farar hula na farko da jama'ar tsohuwar Jihar Sakkwato suka zaɓa, tun Kabi da Zamfara suna cikinta. Ya karɓi mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979, a ƙarƙashin tutar NPN, jam'iyyar Shugaba Shehu Shagari, don haka shekara biyu da 'yan makonni ke nan ya yi a kan kujera. Bai yi jinya ba, tsufa kuma bai cim masa ba. Mutum ne da ya fita da ƙafarsa, da fara'ar nan da aka san shi da ita, zuwa wasan da yake ƙauna, bai dawo da ransa ba. Mataimakinsa, Dokta Garba Nadama, ya hau kujerar. Aka yi jana'iza, aka karɓi gaisuwa, daga baya aka sa sunansa a babban dandalin taro na birnin da kuma wata sakatariyar gwamnati. Yau duk mai kabu-kabun da ka ce wa ya kai ka Dandalin Shehu Kangiwa ba zai nemi kwatance ba. Amma da za ka tambaye shi ko me mutuwar mai sunan ta sauya a yadda ake gudu da doki, ko da babur ɗin da yake kai, sai dai ya waiwayo ya dube ka ya ce kwana ne ya ƙare.

Sa wa fili sunan mamaci karamci ne, kuma marigayin ya cancanta. Abin da wannan babi yake ja da shi shi ne a tsaya a nan. Wanda ya mutu a fagen gudu, ko a kan doki ko a cikin mota, yakan bar wa masu rai baƙin ciki, ya kuma bar musu tambaya. Wajen baƙin cikin ba wanda zai koya wa Bahaushe abin yi. Kafin a gama wanka unguwa ta cika, tabarma ta fito ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukunya, ana shiga ana fita ana ta ya haƙuri, ba a barin mai rashi shi kaɗai da zuciyarsa. Tambayar ce muke jin nauyinta, sai ka ce yin ta rashin kunya ne ga mamaci ko jayayya da Ubangiji. Me ya tsinke? Me ya doka? Minti nawa ya yi a ƙasa kafin wani mai ilimin jinya ya iso, wa ya ɗaga shi, kuma ta yaya aka ɗaga shi? Hujjar da zan kafa ita ce, matuƙar ba a yi waɗannan tambayoyi an mai da amsarsu ƙa'idar da za a bi gobe ba, to makokin bai cika ba, domin abin da ya kashe na yau yana nan yana jiran na gaba.

Mu dubi yadda wasu suka yi da nasu mamacin. A Amurka akwai wani nau'in tseren mota da babu kwana ko ɗaya a cikinsa. Mota biyu ake jerawa a bakin layi, fitila ta ba da kore, su cilla a miƙe, wanda ya riga ƙetare layin ƙarshe shi ya ci. Tun asali tsawon fagen rubu'in mil ne, ƙafa 1,320, wato kimanin mita 400. Manyan motocin wasan ba fetur suke sha ba, wani mai ne mai saurin kamawa da ake kira naitirometen, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa biyar sukan kai gudun kilomita 480 a awa, har su wuce. Birki kaɗai ba ya tsayar da irin wannan, sai direba ya saki laima biyu a bayan motar su cika da iska su riƙe ta. Ranar 21 ga Yuni, 2008, a filin Englishtown da ke jihar New Jersey, Scott Kalitta, ɗan shekara 46, wanda ya ɗauki kambun gasar a 1994 da 1995, yana dab da layin ƙarshe injinsa ya fashe, wuta ta tashi. Laimar ta lalace, ba ta riƙe motar ba. Motar ta cinye ragowar kwaltar da aka tanada don tsayawa, ta keta ramin yashin da ke ƙarshen fage, ta daki turken da ke riƙe da ragar tarewa, ta yi sama ta faɗa kan wata na'ura mai nauyi da aka girke a bayan fagen. Mahaifinsa, Connie Kalitta, tsohon direba ne kuma shi ne mai tawagar. Ɗansa ya mutu cikin motar gidansu.

An yi kuka kamar yadda ake yi ko'ina. Amma 'yan sandan jihar sun auna komai, tun daga fashewar injin har inda motar ta tsaya, suka fitar da rahoto. Ƙungiyar NHRA, wadda ke kula da wasan, kafin mako biyu su cika ta yanke tsawon tseren manyan motocin daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000, don ƙafa 320 ɗin da aka rage su koma cikin filin tsayawa. Masu sha'awar wasan da yawa sun yi ƙorafi, kuma suna da dalili: rubu'in mil shi ne gadon wasan, duk bajintar magabatansu da wannan mudu aka auna ta, sauya shi tamkar rufe littafin tarihi ne a buɗe sabo. An ce na wucin gadi ne, amma har yau a ƙafa 1,000 manyan motocin suke tsere. Aka gyara ramukan yashi da ragar tarewa a filaye, aka kuma ƙera wata na'ura da idan inji ya fashe za ta datse mai ta saki laima da kanta, ko da direba ya suma. Ka lura da tunanin da ke ƙarƙashin wannan. Ba su tsaya kan cewa injin ya fashe ba, domin inji zai sake fashewa. Abin da suka bi diddiginsa shi ne me ya sa fashewar inji ta zama mutuwa.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Basakkwace da wannan, tunda babu filin tseren mota a Sakkwato. Filin ne babu, tseren kuwa yana nan. Duk wanda ya zauna a manyan biranen Arewa ya san wasan mota da wasan babur, ya san lokutansu: rakiyar ango bayan ɗaurin aure, yammacin Sallah, ranar gama jarrabawar ƙarshe, ranar da ɗan takarar unguwa ya ci zaɓe. Samari su sami shimfiɗaɗɗen titi mai faɗi, irin hanyoyin da suka zagaye gari ko wanda ya nufi filin jirgi, ko kuma su kama shataletale. Direba ya taka totur har ƙasa, ya fizgi birkin hannu, ya murɗe sitiyari, bayan motar ya juyo yana ƙara, taya na hayaƙi tana barin baƙin zane a kwalta. Abokansa biyu suna zaune a kan tagogi, gangar jikinsu a waje, hannu ɗaya riƙe da rufin mota ɗaya na ɗaga waya. 'Yan kallo kuma sun yi zobe, kowa na son ya matso don hotonsa ya fi kyau, zoben na ƙara tsukewa, kuma a sahun gaba yara ne, da mai rake, da almajirin da ya zo wucewa da robarsa ya tsaya. Tsakanin bamba da gwiwar yaron nan babu katanga, babu yashi, babu raga. Gwanintar wani saurayi da ya koyi tuƙi a motar babansa ita kaɗai ce shamaki.

Gwanintar nan kuwa tana da iyakar da lissafi ya yanka mata. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta hau birki, an riga an wuce gida biyu. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo da nisan da birki ke buƙata sau huɗu suke ninkuwa. Shi ya sa dokar hanya ta ƙasa ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 50 cikin gari. Ƙara da yanayinmu. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kwalta ta fi haka zafi, iskar cikin taya ta kumbura. Lokacin hunturu kuma rairayi yakan kwanta a gefen titi, taya ta hau shi ta rasa abin kamawa. Ga tayar ita kanta, wadda galibi 'yar Beljiyam ce da ta gama aikinta a wata ƙasa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da kamfani ya buga: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na 2014. Mai faci ya san wannan, direbobin haya da yawa sun sani, amma saurayin da zai juya mota a tsakiyar zoben yara bai taɓa durƙusawa ya karanta ba, kuma babu wanda aikinsa ne ya sa shi ya karanta.

Amsa ta farko da za a ba mai irin wannan magana ita ce wadda aka fi ji a zaman makoki: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in ajali ya yi kira ko a kan gado kake sai ka tafi. Babu musulmin da zai yi musun cewa rai da ajali suna hannun Allah, kuma ba zan so a cire wannan magana daga bakin masu ta'aziyya ba, domin ita ke riƙe uwar da aka shigo mata da gawar ɗa. Sai dai maganar da ake rarrashin mai rashi da ita ba ta zama hukuncin da mai iko zai fake da shi ba. Sakkwato gari ne na malamai, ba sai an je nesa neman hujja ba. Ƙaramin ɗalibi ya san labarin mutumin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Ya san yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar take. Ya san ayar Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Imani da ƙaddara bai taɓa hana Bahaushe yi wa rijiya murfi ba, kuma in yaro ya faɗa wadda aka bari a buɗe, ana cewa Allah ya jiƙansa, ana kuma neman mai rijiyar.

Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan garin nan ma ya riga mu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ba malamin Malikiyyar da bai bi ta kanta ba, an ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta game da abin da ta taka. Tun zamanin da doki ne mafi saurin abin hawa, malamai sun yanke cewa mai riƙe da linzami shi ke da alhakin abin da kofato ya yi. Ba a buƙatar dogon ƙiyasi kafin a kai ga sitiyari. Suratun Nisa'i kuma ta sa wa kisan kuskure diyya da kaffara. Dangin mamaci suna iya yafe diyya, kuma a ƙasarmu sau da yawa sukan yafe tun gawa ba ta bar asibiti ba, su ce mun bar wa Allah. Haƙƙinsu ne, alheri ne kuma. Amma kaffara ba ta faɗuwa da yafewarsu, abin da ke nuna cewa ran da ya salwanta bisa kuskure ba lamarin gida biyu ba ne kawai. Inda muke zamewa shi ne, da dangi sun yafe sai kowa ya tashi: a ja motar zuwa gareji, a share gilashi, maganar ta mutu. Alhali uban mamaci abin da yake nasa kaɗai ya yafe, bai yafe a madadin uban yaron da za a kaɗe a wannan kwanar bayan wata uku ba. Binciken kuma ba ya jinkirta sutura ko da minti ɗaya. Mota za a duba, da taya, da zanen birki a kwalta, da inda 'yan kallo suka tsaya.

Amsa ta biyu daga masu tsanani take zuwa: a hana wasan baki ɗaya, a kama motar, a kulle yaron, magana ta ƙare. A kan titin jama'a ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma zan so hukuncin ya hau kan ɗan babban gida kafin ya sauko kan ɗan mai kabu-kabu, don kowa ya san ko wane ne ke da motar da zai yi wasa da ita. Amma hani shi kaɗai mun ga iyakarsa. Kusan kowace Sallah rundunonin 'yan sanda a jihohin Arewa sukan fitar da sanarwar hana tseren mota da kilisa a kan titi, kuma maimaita sanarwar kowace shekara ya isa shaida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, sai ga labarin masu babur a Kano sun kifa ƙwarya a ka ya zaga duniya. Dokar da mutane ba su ga kansu a cikinta ba dabarar kauce mata suke koya. Ita kanta NHRA daga irin matsalarmu ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Kalifoniya sun addabi tituna da tsere, ana kama su suna komawa. A 1951 Wally Parks, editan wata mujallar motoci, ya kafa ƙungiyar don a kwashe su daga titi a kai su fili, a duba motar kowa kafin ya shiga, a raba su aji-aji, kuma ya nemi haɗin kan 'yan sanda maimakon gaba da su.

Mu kuwa bai kamata wannan ya zama mana baƙon tunani ba, tunda jikokin mahaya ne. Son gudu bai zo da mota ba. Wanda ya ga yadda mahaya ke sakin linzami a guje su zo su ja birki gaban Sarki da jinjina ya san daga inda saurayin mai birkin hannu ya gaji abinsa. Bambancin shi ne sukuwa tana da fage, tana da rana, tana da manya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah ya shirya tseren dawaki a Madina, ya sa wa waɗanda aka horar doguwar tazara daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma gajeruwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Mafari sananne, maƙura sananniya, kowane aji da gwargwadon ƙarfinsa, shugaba kuma yana tsaye a kai. Duk abin da ake nema a filin tsere na zamani tushensa ke nan.

Amsa ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Fili ba ya hana mutuwa. Kalitta a fili ya mutu, cikin rigar da ba ta kama wuta, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Bayan duk gyaran da aka yi, a watan Yuni na 2010 wani direban, Neal Parker, ya sake mutuwa a ƙarshen wannan fage na Englishtown. Carlos Gracida na Meziko, ɗaya daga cikin gwanayen ƙwallon dawaki na duniya, a fili ya yi faɗuwar da ta ci ransa a Florida a 2014. Har yau kuma akwai masu tseren titi a Amurka duk da yawan filayensu. Duk gaskiya ne. Amma fili yana sauya abu biyu. Na farko, wa ke mutuwa. A fili mai ɗaukar kasadar baligi ne da ya zaɓa da kansa, a titi kuwa mai tallan gyaɗa ce da ba wanda ya shawarce ta. Turawa ma da jini suka koyi wannan: a Le Mans ta Faransa, ranar 11 ga Yuni, 1955, motar Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, har Suwizalan ta haramta tseren zagaye na fiye da shekara 60. Na biyu, a fili darasi yana taruwa. Bayan mutuwar Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola ta Italiya cikin kwana biyu a jere a 1994, aka sake fasalin motoci da kwanoni da katangu a gasar Formula 1, aka yi shekara 20 ba a rasa direba a tseren gasar ba, sai haɗarin Jules Bianchi a Japan a 2014, wanda ya daki motar janwe da ke aiki a gefen fage. Daga baya, a 2018, aka wajabta wani baka na ƙarfe da ke kare kan direba. Da yawa sun ce ya ɓata kyan motar. A Nuwamba 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu. A titi kuwa kowace mutuwa sabuwa ce, ba ta koya wa ta gaba komai.

Akwai wani ɓangare da ba ya buƙatar kwalta ko siminti, kuma ya shafi fagen sukuwa da na ƙwallon dawaki kamar yadda ya shafi mota, wato mintocin farko bayan faɗuwa. Wanda ya fi kowa sauya wannan a Formula 1 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, Farfesa Sid Watkins, da ya kama aiki a 1978. Bayan haɗarin da ya ci ran Ronnie Peterson a Monza a wannan shekarar, ya tsaya kai da fata sai motar likita ta riƙa bin masu tsere a zagayen farko, kuma har yau haka ake yi. Sakkwato tana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ake kawo mata majinyata daga jihohi maƙwabta. Amma ƙwararren da ke ɗakin tiyata ba zai iya gyara abin da aka ɓata a bakin titi ba. Kowa ya ga yadda muke yi: mutum huɗu su kama hannu da ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a kujerar baya ko a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, wani na yayyafa masa ruwa. Niyya kyakkyawa ce, amma in ƙashin wuya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke ƙarasa lakar da faɗuwar ta bari. A fagen sukuwa kuma sau da yawa yara ake ɗorawa saboda rashin nauyinsu, kai babu komai sai hula, 'yan kallo na kutsowa cikin fage da sun hango dawaki sun karyo kwana. Hukumar ƙwallon dawaki ta Ingila tun 2018 ta daina yarda da kowace hula sai wadda ta ci gwajin inganci. Hula irin wannan kuwa mai dokin ne ya kamata ya saya.

Saura maganar kuɗi. Za a ce jihar da 'yan bindiga suka hana noma a Isa da Sabon Birni, ga yara ba makaranta, ina ta ga sukunin gina wa 'ya'yan masu kuɗi wurin wasa? Da a ce ana neman a cire daga kason asibiti a zuba a nan, da ni ma na ƙi. Amma abin da ake nema daga gwamnati fili ne a bayan gari da doka da sa ido. Sauran, masu wasan su biya: kuɗin rajista, kuɗin duba mota, kuɗin motar asibiti da ta kashe gobara na ranar, dillalan motoci da masu gidajen mai su ɗauki nauyi su kafa allunansu. Wanda ke iya ƙone taya huɗu a yammaci ɗaya don a yi masa tafi ba zai kasa kuɗin shiga ba. Kuma amfanin ba nasa ba ne da farko, na wanda aka kawar da motar daga ƙofar gidansa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba ƙaramar magana ake yi ba. Shirya gasar mota ma ba sabon abu ba ne a wannan yanki, an daɗe ana haɗa ta da bikin kamun kifi na Argungu.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma ya fi rashin filin muni: a share wani fegi, a yanka kintinkiri, a kira shi filin tsere, sannan a bar shi ba shinge ba mai duba mota. Irin wannan tattara haɗarin kawai zai yi wuri ɗaya ya buga masa hatimin gwamnati. Darasin Englishtown shi ne ƙarshen fage ya fi farkonsa muhimmanci. Wurin tsayawa ya fi wurin gudu tsawo, bayansa yashi mai zurfi, bayan yashin kuma fili fetal, ba turke, ba bishiya, ba motar wani babba da aka ajiye don ya fi ganin wasa. 'Yan kallo a gefe, bayan katanga, ba mai tsayawa a inda mota ta dosa. Ba lasisi ba shiga, ba hular kwano ba shiga, kuma makaniken da ke duba taya da birki ya kasance yana da ikon ce wa ɗan kowa ya juya, ba tare da wani ya buga waya an sauke shi ba. In ba za a iya wannan na ƙarshen ba, gara kada a fara.

Kafin a kai ga fili, akwai abin da Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato za ta iya yi ba tare da ba da kwangila ko ɗaya ba. Ta wajabta cewa duk taron sukuwa, ko ƙwallon dawaki, ko wasan mota da babur da aka ba izini, ba za a fara ba sai da motar asibiti da ma'aikacin da ya iya ɗaure wuya a wurin. Ta kuma wajabta cewa duk ran da aka rasa a irin wannan wasa, da izini ko babu, 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra su rubuta yadda abin ya faru da abin da ya kamata a gyara, a karanta a zauren majalisa cikin kwana 40. Majalisar Sarkin Musulmi, wadda masu dawaki ke jin maganarta fiye da ta kowa, ta ce daga bana ba yaron da zai hau dokin sukuwa kansa ba hular kwano. Masu dawakin ba za su ƙi ba.